Nonon Gwaggon Teku da na Mai-Sulke

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya zuba teku, ya ba wani fiffike ya ba wani ƙaho, ya ajiye wa jariri abincinsa a ƙirjin uwa tun jaririn bai buɗe ido ba. Ku matso ku gyara zama, mai goyo ta sauke goyonta. Ni ce Tasalla 'yar Arzika, ungozomar Ƙwarin Tsamiya, wadda ta yanke cibiyar rabin garinsu, sannan ta ɗaure ƙunshinta ta shiga duniya. Abin da zan faɗa da idona na gan shi. Wanda ya san ba zai iya zama ba ya tashi tun yanzu, don ni ba na son a katse ni.

Ni dai Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Da maigidana ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai wani abu ya riƙa ci na a rai: na san haihuwar 'yar Adam ciki da bai, to sauran halittun Allah fa, yaya suke yi? Dangi suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ce na ji, na ɗauki askata da tsummokarana na fita. Na shiga Kogon Jemagu, inda uwa ke haihuwa a rataye, ta cafe ɗan da fiffike kafin ya faɗo. Na tare a bakin Kogin Shuni har na ga ayu ta rungume ɗanta tana ba shi mama kamar matar gida. Daga nan ƙafa ta kai ni bakin babban teku, na sami jirgin wasu fatake, suka ɗauke ni a kan in riƙa yi musu girki.

Mun yi nisa har tsuntsaye sun daina bin mu, wata rana da hantsi sai na ga wani baƙin abu mai kama da takobi ya tsaga ruwa, tsayinsa ya kai na ƙaton namiji. Kafin in buɗe baki wasu suka fito a bayansa. Sai ga masu su sun ɗago: baya baƙi wuluk kamar gindin tukunya, ciki fari fat, da wani farin tabo a bayan ido. Kowace ta yi tsawon rumbu uku a jere. Ɗaya ta fesar da numfashi ta wata ƙofa a tsakiyar kanta, fuu, har raɓar ta taɓa mini fuska, da ɗuminta. Na saki ludayi na tsaya ina kallon ikon Allah.

Shugaban jirgin ya ce matuƙa na kiranta orka, wasu kuma su ce makashiya, don duk tekun babu mai ja da ita, har manyan kifaye masu cin mutane gudu suke in sun ji motsinta. Amma ni ba kisan ne ya ɗauke mini hankali ba. Na lura wata tsohuwa ce a gaba, mai tsaga a fiffiken baya, inda ta juya nan kowa ke juyawa. Ya ce ai kakarsu ce, ta daɗe da daina haihuwa, kuma ƙartin nan da nake gani 'ya'yanta ne, ba sa rabuwa da ita har mutuwa. A gabana ta kamo kifi ta raba shi biyu, ta sakar wa wani ƙato rabi. Na ce kai, wannan gida ya san darajar tsohuwa. Tun daga ranar suka shiga raina.

Su muka bi har Tsibirin Zurmala. Fatake suka sha ruwa suka wuce, ni na ce nan zan sauka.

Tsibirin nan babu saniya, babu akuya, babu jaki, ko kyanwa ban gani ba. Mutanensa kashi biyu ne. Akwai Gaɓawa, masunta, da ke zaune a bakin ruwa cikin bukkoki kan turaku. Akwai Tudawa, manoma rogo, da ke haƙa ɗakunansu a cikin tudu. Tsakaninsu an jera fararen duwatsu daga wannan ƙarshen tsibiri zuwa wancan, suna kiran wurin Iyaka. A nan ake cin kasuwa. Gishiri na ƙetarewa, kifi na ƙetarewa, rogo da zuma na ƙetarewa, har gulma ma tana ƙetarewa. Abu ɗaya ne ba ya ƙetare Iyaka, shi ne nonon mace.

Ga dalili. Gaɓawa sun ce kakansu na farko jariri ne da jirgi ya kife da iyayensa, orka ta ɗauke shi ta shayar da shi, shi ya sa suke kiranta Gwaggon Teku. Tudawa kuma sun ce tasu kakar, lokacin wata babbar gobara, wata dabba ce ta ja ta cikin rami ta ba ta mama, dabbar da suke kira Mai-Sulke, fatake kuma ke ce wa armadilo. Kowane ɓangare ya rantse labarin ɗayan ƙarya ne. Tudawa suka ce abin da ke cikin ruwa, ba ƙafa ba gashi, kifi ne, Gaɓawa kuma jikokin kifi ne, nononsu sanyi gare shi, yaron da ya sha zai sandare. Gaɓawa suka ce abin da ke yawo da ƙoƙo a baya kunkuru ne, ƙwai yake yi, kuma haramun ne a zuba nonon Gwaggo a bakin jikan ƙwai. Abin dariyar, babu wanda ya taɓa dubawa. Batude ba ya shiga jirgi. Bagaɓe ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa sai ranar da aka binne shi. Su kansu kowa na jin kunyar kallon tasa uwar, Gwaggo ko Mai-Sulke, tana shayarwa, in ya yi kiciɓis da ita sai ya kau da kai.

Na fara zama wajen Tudawa, a can na fara ganin Mai-Sulke. Jama'a, in kun san dabgi, to ku sa masa rigar yaƙi. Girmanta kamar tunkiya, bayanta ɗauri-ɗauri na ƙashi masu lanƙwasa in ta sunkuya, kunnuwa a tsaye, hanci dogo kullum a ƙasa. Ido kam sai a hankali, za ta iya cin karo da ƙafarka ba ta san da kai ba, amma tana jin ƙanshin gara a ƙarƙashin ƙasa tun daga nesa. In ta sa farce a ƙasa, kafin ka gyara ɗaurin zane ta ɓace. Na ga ta isa bakin rafi, ta ja numfashi, ta taka ta ƙarƙashin ruwan a ƙasa abinta har ta ɓulla can ƙetare. Ita ba ta faɗa da kowa, ba ta da tawaga, ita kaɗai take kiwonta. Waccan ta teku sarauta gare ta, wannan kuwa talaka ce mai rufin asiri, kuma wallahi ban san wadda ta fi burge ni ba.

Ina nan sai naƙuda ta kama wata yarinya mai suna Shekara, surukar Cima, tsohuwar da duk Tudu ke jin maganarta. Aka kira ni. Na karɓi ɗa namiji, na juya zan wanke hannu sai ga wani, sai ga wani, sai ga na huɗu, duk fuska ɗaya. Gari ya ɗauki guɗa, don Mai-Sulke huɗu take haifa kullum, masu kama ɗaya, suka ce ita ce ta sa wa gidan albarka. Ni ban yi guɗa ba. Na ukun farko sun zo da ƙarfinsu, amma na huɗun, Auta, bai fi tafin hannuna biyu ba.

A wannan shekarar kuwa fari aka yi a Tudu. Zazzaɓi ya kama Shekara, nononta ya ja baya. Masu jego biyu ne kacal a garin, kowace da nata ramammen ɗan, suka riƙa taimakawa iyakar ƙoƙarinsu. Masu ƙarfi su ja su zuƙe, in an zo kan Auta sai fata. Na gwada ruwan kunu, ya dawo da shi. Na gwada ruwan zuma a tsumma, ya tsotsa kaɗan ya saki. Maɗigarsa ta fara faɗawa. Na daɗe a wannan aiki, na san abin da hakan ke nufi, kuma raina ya ƙi yarda.

Ranar kasuwa na sauka Iyaka neman ko da dabara, sai na ga wata matashiya a ɓangaren Gaɓawa zaune kan dutse, gaban zanenta jiƙe sharkaf. Ba sai an gaya wa ungozoma ba. Na tambaya, aka ce Marka ce, 'yar Korau Sarkin Ruwa, jaririnta bai yi mako ba ya koma. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, jikinta zafi rau. Ga ɗa yana mutuwa don rashin nono a sama, ga nono yana neman kashe mai shi a ƙasa, tsakaninsu jifa ɗaya. Na ji kamar in ɗauki fararen duwatsun nan in watsar cikin teku.

Na je wa Cima da maganar. Ta sha mur ta ce jikanta ba zai sha nonon kifi ba, in Allah ya yi zai rayu zai rayu. Tana faɗa tana ƙara ƙanƙame yaron a jikinta, na gane ba rashin ƙauna ba ne, tsoro ne tsagwaronsa. Na je wa Korau, ƙaton mutum mai murya kamar ganga, ya ce shi ba zai zama Sarkin Ruwan da aka ba ɗan kunkuru nonon Gwaggo a zamaninsa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gori, ko gezau.

Da na ga haka sai na canza salo. Na koma wa Cima na ce Korau na can yana ta baza cewa Tudawa sun ƙi nuna Mai-Sulke ne don sun san ƙwai take yi. Ta zabura ta ce ya zo ya shiga rami ya gani in ya isa. Na ce in ya shiga fa, ke za ki shiga jirgi? Ta yi dariya har da tafi, ta rantse a gaban matan gidanta cewa ranar da Bagaɓe ya shiga rami da ransa, ita kuma za ta hau ruwa. Ta tabbata ba za a yi ba. Na kwashi rantsuwar da zafinta na kai wa Korau a gaban masuntansa, na ce tsohuwa ta ce duk Gaɓa babu namijin da zai iya. Ya yi ta huci, ya ce in ya shiga ƙasa ai matansa sai su fara takaba. Yana cikin kame-kame sai Marka ta fito daga bukka tana dafe da ƙirji.

Ta ce, "Baba, ni ban san kifi ba, ban san kunkuru ba. Ƙirjina zai fashe, kuma ina jin kukan yaron nan daga nan."

Korau ya dubi 'yarsa. Sannan ya cire hularsa ya miƙa wa ƙanensa, kamar mai barin wasiyya, ya ce in wuce gaba.

Ramin yana gindin wani tsohon suri. Tudawa suka raka mu har baki, suka juya mana baya saboda kunya. Na riƙe fitilar man kifi na shiga da rarrafe, Korau na biye, ya damƙe idon sawuna kamar zai karya. Ƙaton da ke tsayawa kan jirgi cikin hadari, ga shi yana nishi yana tambayata ko mun kusa. Na ce Sarkin Ruwa, jarirai ta hanyar da ta fi wannan matsi suke fitowa, kuma ba su tambayi kowa ba.

Muka faɗa wani ɗaki da aka shimfiɗe da busasshen ganye. Ga ta kwance ta gefe. Duk sulken nan ashe a baya ya tsaya, cikinta fata ce mai laushi, da gashi tsilli-tsilli. Ga 'ya'ya huɗu jajaye a jere, sulkensu bai yi tauri ba, laushi kamar sabuwar fatar jima, kowane ya kama nono yana tura ƙafa. Ana jin ƙarar tsotsonsu. Korau ya sa hannu yana tona ganye a hankali, na gane ɓawon ƙwai yake nema. Bai samu ba. Na matsar da fitila na nuna masa cikin ɗaya daga cikinsu, ga ɗan guntun cibiya bai gama bushewa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ƙura ta shige masa hanci, ya saki wata atishawa da ta girgiza ramin.

Ashe ita Mai-Sulke in ta firgita sama take tsalle, tsaye cak. Ta daki rufin da bayanta, sai muka ji rugugi a bayanmu. Hanyar da muka shigo ta rufta.

Korau ya fara kiran sunayen matattunsa yana ce musu ga shi nan zuwa. Ya juya zai tona da hannu, ƙasa ta ƙara zubowa. Na riƙe shi na hure fitilar, don wuta na cin iskar da muke buƙata, kuma tana tsorata mai gidan. Na raɗa masa ya kwanta ya yi shiru. Na ce mu baƙi ne, ba mu san ƙasar nan ba, amma mai jego ba za ta zauna a rufe da 'ya'yanta ba iska ba. Muka kwanta cikin duhu, ina jin bugun zuciyarsa ta ƙafata. Can sai ƙarar farce, kar-kar-kar, ƙasa ta fara watso mana a fuska. Ba ta bi tsohuwar hanya ba, wani gefe ta nufa inda ƙasar ke da ƙarfi, ta yi sama. Muka bi ta muna faɗaɗawa da hannu, har wani siririn haske ya sauko.

Ni na fita salin alin. Korau kuwa ya maƙale a ƙugu, sai da Tudawa suka kama hannuwansa suka tumɓuke shi kamar rogo. Yana zaune yana tofar da ƙasa sai ga uwar ta koma ciki, ta riƙa fito da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya zuwa wani ramin. Ya bi ta da ido har ta gama. Sannan ya miƙe, da ƙasa har cikin gemu, ya fuskanci Cima ya ce, "Iya, mun yi muku ƙarya tun kakanni. Mai nono ce, kuma uwa ce ta gari."

Cima ta so ta yi murna, amma ta tuna rantsuwarta, fuskarta ta yi fari.

Washegari da sassafe na leƙa Auta. Ya daina kuka, sai dai bakin ya riƙa motsi ba sauti. Na ce wa Shekara ta sauko da shi Iyaka ta jira mu, komai za a ce a ce. Cima ta zo bakin ruwa da dunƙulen ƙasar Tudu a hannu. Ba ta yi gardama ba, wannan kam na yaba mata. Ta shiga ta zauna a tsakiyar jirgi, ta lulluɓe kai da mayafi, ta ce in mun isa a gaya mata. Korau ya ja filafilin tuƙi, mu uku kaɗai.

Mun fita bayan duwatsu sai ya fara ƙwanƙwasa gefen jirgi da wani salo, ya ce kowane gida na Gwaggo da irin kukansa, su kuma sun san bugun gidan Korau. Ba a jima ba baƙaƙen takubban suka ɓullo. Amma ba su yi wasan da suka saba ba. Sun yi zobe suna kewayawa, ƙartin a waje, matan a ciki, mu kuma igiyar ruwa ta tura mu tsakiya. Wani ƙato ya daki ruwa da wutsiya, jirgi ya tashi ya faɗi, ruwa ya shigo har cinyar Cima. Korau ya ce bai taɓa ganin sun yi haka ba, ya kama filafili zai fitar da mu da ƙarfi.

Ni kuwa idona na kan wata matashiya a tsakiyar zoben. Tana juyi, ta lanƙwashe ta miƙe, numfashinta gajere-gajere, tsohuwar mai tsagaggen fiffike na manne da gefenta. Wannan ko a wace duniya na gan shi na san shi. Na ce wa Korau ya ajiye filafili, ɗakin naƙuda muka faɗo, kuma babu abin da masu ɗakin naƙuda suka tsana kamar namiji mai kai da kawo. Ya ajiye. Muka naɗe hannu muka sunkuyar da kai kamar baƙin kirki. Ƙaton da ya daki ruwan ya sake zagayowa, ya dube mu, ya wuce.

Sai ruwa ya yi ja. Wutsiya ce ta fara fitowa, na ce madalla, Mai tsarawa ya san in kai ya riga fita ɗan zai shaƙi ruwa. Uwar ta yi wata juyawa, ɗan ya suɓuto gaba ɗaya, farinsa bai yi fari ba tukuna, ja-ja kamar manja. Amma bai motsa ba. Ya fara nutsewa a hankali, kai a ƙasa.

Ban san lokacin da Cima ta yaye mayafi ba. Sai dai na ji jirgi ya karkata, na ga tsohuwar da ba ta iya kallon ruwa ta leƙa har rabin jikinta a waje, ƙasar hannunta ta zube, tana ihu, "Ku ɗago shi! Ku ɗago shi mana, zai tafi!"

Kakar mai tsagaggen fiffike ta riga ta nutsa. Ta sa kanta a ƙarƙashinsa ta turo shi sama, wata gwaggon ta tallafe ta ɗaya gefen. Suka riƙe shi a kan ruwa, suna ɗan jijjiga shi. Shiru. Ni da na saba, hannuna har ƙaiƙayi yake in mari bayansa. Can sai ƙofar kansa ta buɗe, ya ja iska da wata 'yar ƙara, fit. Cima ta zube cikin jirgi tana hamdala, ta ce kifi ba ya neman iska, kifi ba ya da kaka.

Muka zauna har ɗan ya fara iyo a gefen uwarsa. Ta kwanta ta gefe dab da jirginmu, ya nutsa ya laluba ƙarƙashin cikinta ya kama. Ba ya daɗewa, ya sha kaɗan ya taso ya yi numfashi ya koma. Da ya saki sai wani farin gajimare ya bazu cikin ruwa ya taso sama. Korau ya kau da kai don kunya. Ni ba Gwaggona ba ce, na sa ƙwarya na kamfato na miƙa wa Cima. Ta tsoma yatsu ta murza, kauri kamar kindirmo, da maiƙo. Ta shinshina. Ta ɗora a harshe. Ana cikin haka kakar ta ɗago kai tsaye daga ruwa, kusa har ina ganin wasu tsofaffin tabo a haɓarta, ta tsura wa Cima ido. Tsofaffin nan biyu suka kalli juna, babu mai ƙiftawa. Sannan ta koma ƙasa a hankali, zoben ya buɗe mana hanya.

Cima ta ce, "Da ɗuminsa." Ta juya ga Korau ta ce, "Sarkin Ruwa, ja jirgin nan, don Allah ja."

Bisa al'ada sai an tara dattawan ɓangare biyu ranar kasuwa, kowa ya faɗi abin da ya gani, sannan a yanke. Da muka iso, jama'a sun cika Iyaka, wani dattijo har ya fara gyaran murya zai tuna mana da haka. Cima ba ta ko dube shi ba. Ta fito daga jirgi, ta ratsa Gaɓawa, ta isa wajen Shekara da ke tsaye bayan fararen duwatsu, ta kwance yaron daga bayanta. Ta tsallako da shi ta ɗora a cinyar Marka.

Bai kama ba. Kansa ya langaɓe, bakin a buɗe. Marka ta dube ni, idonta ya cika. Na durƙusa na ce ta matso kaɗan a leɓensa. Ɗigo ya sauka ya gangara gefen baki. Na shafa kumatunsa da yatsa, na murza tafin ƙafarsa, na ce ta sake. Ɗigo na biyu ya shiga. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Harshen ya fito yana lalube, na tura kansa gaba, sai Marka ta ja iska ta haƙora ta runtse ido.

Ta ce, "Inna, ya kama."

Ya sha har gumi ya tsatso masa a goshi, ya yi barci da nonon a baki. Na gaya musu gaskiya a matsayina na ungozoma: yaro irin wannan dare da rana zai riƙa sha, ba zai jure hawa da sauka ba, dole ya zauna inda nono yake har a yaye shi. Aka juya ana kallon Shekara. Ga uku na jiran ta a Tudu, ga na huɗu a cinyar wata.

Ta dube shi daga bayan duwatsun. Sannan ta kwance majanyin da ke ɗaure a ƙugunta, wanda ta saƙa da hannunta tun tana da ciki, ta tsallako ta durƙusa gaban Marka ta ninke shi ta ɗora mata a kafaɗa. Ta ce, "Yaya, ba ya son a ɗaure shi da ƙarfi. Kuma in ya yi kuka, ki juyo da shi wajen Tudu, zan ji."

Ta tashi ta kama hanyar hawa, hannuwanta a naɗe a ƙirji, ba ta waiwayo ba. Marka ta goya shi, ta miƙe, ta juya bayanta wajen Tudu, ta tsaya a haka har Shekara ta shige.

Nan na sauke hikayata. Allah ya raya abin da muka haifa, ya saka wa duk wadda ta shayar.